Rasuwar Aku, Wadda Adafta Mai Jan Salatif Ta Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, fushi kuma yana tafasa a ƙarƙashinsa, nake sanar da 'yan uwa da abokan kiɗa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban dandamali ya saurare mu, rasuwar abokiyar aikina Aku. Ta cika ne a ɗakin gwajinmu, da rana tsaka, a hannun mutumin da ban taɓa ba shi izinin taɓa ta ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, Aku na'urar maimaita sauti ce, irin wadda makaɗa ke kira lufa. Ƙaramin akwatin ƙarfe ne kore, bai fi faɗin littafi ba, da maɓalli biyu da ake takawa da ƙafa. In ka taka, sai ta kasa kunne ta ɗauki abin da kake kaɗawa. In ka sake takawa, sai ta yi ta maimaita shi ba gajiya, kai kuma ka ɗora wani a kai, ka ƙara ɗora wani, har mutum ɗaya ya zama taron makaɗa. Ni celo nake kaɗawa, babbar yayar biyolin ɗin nan da ake jinginawa a ƙirji a zaune. Duk wanda ya taɓa jin ƙungiyarmu ta rok ya ce kamar akwai makaɗa ashirin ɓoye a bayan labule, to ya sani babu kowa a bayan labulen. Ni ce, da celota, da Aku a ƙarƙashin ƙafata.

Yayana ne ya kawo mini ita ranar da na kammala karatun kiɗa a jami'a. Ta hannu ce, da tabon wani a gefenta. Ya miƙo mini ya ce tunda na ƙi karanta abin da ake samun aiki da shi, ga abokiyar zaman banza. Shi ne kuma ya raɗa mata suna, don ya ce bai taɓa ganin abin da ke mayar wa mutum maganarsa kamarta ba.

Marigayiya ba ta taɓa yin ƙarya ba. Wannan shi ne babban halinta, shi ne kuma ya jawo mata maƙiya. In ka kaɗa daidai, daidai za ta mayar maka. In yatsanka ya zame, haka za ta yi ta jefo maka zamewar a gaban jama'a duk zagaye, ba ta rufa wa kowa asiri, har ni da nake goge mata ƙura. Ba ta san lallashi ba. In ƙafa ta yi jinkiri da ƙiftawar ido, kiɗan gaba ɗaya zai fara ɗingishi. Shi ya sa nake cire takalmi kafin in hau dandamali, don in ji maɓallin a tafin ƙafata. An yi mini dariya a kan haka. Na bar su suna yi, don babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa taka ta ya dace.

Ta yi haƙuri da abin da na yi haƙuri da shi. Ɗakin gwajinmu yana saman wani tsohon bene, bayan shagon masu fenti, kuma matakalar ba ta da fitila. Ni nake hawa da celo a baya, Aku a jaka, wayoyi a wuya, maza suna biye da ni hannu a aljihu suna gardamar wanda ya fi iya jita a duniya. A dandamali, bayan babbar sifika ake ajiye mu, inda haske ba ya kaiwa. A jikin fosta ana rubuta sunayen maza da manyan baƙaƙe, ni da ita kuma mu faɗa cikin "da sauransu". Muna jira ne, kuma mun iya jira.

Dole a nan in gabatar da shugaban ƙungiyar, mai jita, wanda da bakinsa ya umarce mu mu riƙa ce masa Darakta. Mutum ne mai gashi har kafaɗa, mai son madubi. Yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya yi aiki da shi ya sani: yana yawo da naɗin jan salatif a aljihu, kuma duk abin da ya ɗauka nasa ne sai ya manna masa. Jitarsa tana da shi, wayoyinsa suna da shi, kujerar da yake zama, kofin da yake shan ruwa. Ya taɓa manna wa gangar mai gangarmu, Ƙwarangwal, wai don kada ta ɓata. Wata rana na sunkuya zan haɗa waya, sai na ga jan salatif a bayan Aku. Na ɓare shi a gabansa, na manna masa a goshi. Kowa ya yi dariya, har shi, amma dariyarsa ba ta kai ido ba.

Abin da mutane suka fi sanin marigayiya da shi shi ne kiɗan nan namu, "Rage Ƙara". Tunda an daɗe ana ba da tarihinsa ba daidai ba, bari in gyara a gaban gawa. A falonmu aka haife shi. Mahaifiyata tela ce, kekenta na ƙafa ne, kuma ƙaƙat-ƙaƙat ɗinsa ya fi kowane agogo tsayawa a kan lokaci. Na kai makirfo ƙarƙashin keken ban faɗa mata ba, Aku ta haɗiye. Na ɗora gurnanin tsohon firjinmu. Na ɗora kukan ƙofar matakalar gidanmu, wadda ba a taɓa sa wa mai ba. Sannan na ja bakan celo a kan tsirkiya mafi kauri, na yi ta ɗorawa har tagogi suka fara rawa. Ana cikin haka Mama ta tsayar da keke, ta ɗaga murya daga inda take: "Ke! Rage wannan ƙarar, mutane na da kunne!" Ƙafata tana kan maɓalli. Aku ta kama maganar, ta ajiye ta daidai inda ganga za ta shigo, kamar an auna. Ban taɓa jin abin da ya zauna daram haka ba.

Wannan muryar ce jama'a ke amsawa da ihu a duk inda muka yi wasa. Wannan kiɗan ne ya fitar da mu daga wasa a gaban abokai zuwa manyan ɗakuna. Kuma duk lokacin da aka tafa, Darakta ne ke matsowa gaban makirfo, ya watsa gashi baya, ya ce wannan kiɗa ya zo masa ne a mafarki. Ni ina bayan sifika ba takalmi. Aku tana kallonsa da jar fitilarta guda.

Sau ɗaya tak ta rama mana. A wajen gwaji ne, na ce masa shigar jitarsa tana danne celo, ya dakata kaɗan. Ya juyo ya ce, "Ƙanwata, ki tsaya a kan maɓallinki. Kunnen rok ba na mata ba ne." Bai san makirfona a buɗe yake ba. Na taka. Sai ga muryarsa ta cika ɗakin: kunnen rok ba na mata ba ne, ba na mata ba ne, ba na mata ba ne. Ƙwarangwal ya ɗauki sanduna ya bi ta da kiɗa. Mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ya shigo. Ni kuma na ɗora mata celo mai taushi irin na makoki, muka yi ta juya maganar har masu fenti suka hawo suna tambaya wace sabuwar waƙa ce wannan. Daga ranar Darakta bai ƙara kallon Aku da idon rahama ba. Ya fara cewa zamani ya wuce na taka akwati da ƙafa, ƙungiyoyin da suka san kansu daga kwamfuta suke sakin sautinsu, kuma kwamfuta ba ta mayar da magana.

Na fahimci inda ya dosa. Duk sautukan "Rage Ƙara" a cikin Aku suke, ba su a ko'ina. Ya nemi in kwafa masa su, wai don ajiya. Na ce masa a ajiye suke. Ya sake nema, na sake ba shi amsa ɗaya. Na san ranar da suka shiga kwamfutarsa, ranar zan fita daga ƙungiyar, kiɗana kuma ya zauna da jan salatif a bayansa.

Rashin lafiyar marigayiya gajeriya ce, kuma ba daga Allah kaɗai ta zo ba. An ba mu babban wasa a ɗakin taron da duk makaɗin garin nan yake mafarkin hawa, har an buga fosta da sunan kiɗan a sama. Darakta ya ce kowa ya bar kayansa a kabad ɗin ɗakin gwaji, a daina wahalar hawa da sauka. Karo na farko ke nan da ya tausaya wa bayana, kuma da na san tausayin na mene ne da ban karɓa ba. Na bar Aku. Adaftarta kuwa, wadda ke ja mata wuta daga bango, tana jakata, don ba na rabuwa da ita.

Washegari babu gwaji. Darakta ya zo shi kaɗai da kwamfutarsa, ya buɗe kabad, ya fito da ita. Ya nemi adafta bai gani ba. Duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan na'urori ya san ba a yi musu aron adafta, don bakinsu ɗaya ne amma wutarsu ba ɗaya ba ce. Shi da ya ce a kira shi Darakta, sai ya zaro adaftar babbar fedar da yake takawa ya canza sautin jitarsa, ya ga bakin ya shiga, ya soka a bango.

Ƙwarangwal ne ya ji kalmarta ta ƙarshe. Ya zo ɗaukar sandunansa, yana kan matakala ya ji "ɗas", ƙaramar ƙara kamar an karya tsinke. Da ya shiga sai warin ƙonewa ya tare shi, ya tarar da Darakta a tsugune yana yi mata fifita da fosta. Wadda ta cika ɗakuna da sautin makaɗa ashirin, da "ɗas" ta yi ban kwana.

Ya roƙi Ƙwarangwal ya yi shiru, ya mayar da ita jakarta, ya rufe kabad. Da na zo na same ta a sanyaye, ya ce wataƙila tsufa ne, dama ta hannu ce. Sai dai gaggawa ta sa ya tura makamin cikin jakar tare da gawar. Na zura hannu na zaro adafta baƙa, mai nauyi, da jan salatif naɗe a wuyanta. Ban yi ihu ba. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, na tambaya ko akwai wanda ya san mai ita. Ƙwarangwal ya sunkuya, ya sa farce ya ɓare jan salatif ɗin da ke jikin gangarsa, ya ajiye a kan kujerar Darakta, sannan ya faɗi duk abin da ya gani.

Na kai ta wajen mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya duba da gilashi, ya mayar da murfin a hankali. Ya ce wutar ta bi ta inda take ajiye sauti, babu abin da ya rage. Keken Mama, firjin da tuni aka sayar wa masu gwangwan, ƙofar matakala, duk sun tafi tare da ita. Ko ɗigo bai shiga kwamfutar ba. Marigayiya ta gwammace ta mutu da kayanta a ciki da ta miƙa su ga ɓarawo, kuma a kan wannan kaɗai ta fi mutane da yawa da na sani daraja.

Ina sanar da jama'a cewa wanda ake zargi ya zo ta'aziyya har gida. Ya zauna a falonmu, Mama tana ɗinki a gefe. Ya ce ƙaddara ce. Ya ce mu ƙungiya ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce zai aro mini wata lufar, in daure in sake haɗa sautukan kafin ranar wasa, wannan karon kai tsaye a cikin kwamfuta, don kada a sake asara. Don ya nuna mini muhimmancin abin, sai ya ciro waya ya kunna bidiyon wani wasanmu da wani ɗan kallo ya ɗauka, duk hayaniya.

Keken ɗinki ya tsaya.

Ya kamata a sani cewa Mama ba ta taɓa zuwa wasanmu ba. A wajenta kiɗana ƙara ce da aka je jami'a aka koyo. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta kara a kunne. Ta ce, "Wannan ai kekena ne." Na ce nata ne. Can sai ga muryarta ta fito, ɗaruruwan mutane suna amsawa. Ta dube ni, irin kallon da tun ina ƙarama yake sa in nemi hanyar fita. Kafin ta yi magana, bidiyon ya kai inda Darakta ke watsa gashi yana ba da labarin mafarkinsa. Ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabarau ta ajiye a kan keke.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka yi mafarkin kekena?"

Ya ce, "Mama, ai salon magana ne irin na dandamali."

Ta ce, "Ban haife ka ba, kada ka ce mini Mama. Ƙafata ce ta taka wannan keken, bakina ne ya yi wannan faɗan, 'yata ce ta sace su. In ana neman ɓarawo a gidan nan, ga tawa nan, ni zan ji da ita. Kai a wane layi ka shigo? Ko zare ka taɓa zurawa a allura?"

Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Bayan fitarsa na sha nawa faɗan, mai tsawo, na kuma karɓa hannu biyu. Da ta gama ta mayar da tabarau, ta ce, "Yanzu shi ke nan abin ya mutu?" Na ce akwatin ya mutu. Ta ɗora ƙafa a kan feda ta ce, "To keken dai bai mutu ba."

Marigayiya ta rasu ta bar celo guda, wadda tun ranar take kuka da murya ɗaya tilo. Ta bar adaftarta ta halak, wadda ba ta da laifin komai, tana kwance a jakata ba ta san inda za ta shiga ba. Ta bar wayoyi biyu, ɗaya mai lafiya, ɗaya sai an murɗa. Ta bar Yayana, wanda da ya ji labari ya ce ashe zaman banzan ya yi albarka. Ta bar Ƙwarangwal, wanda ya sauko da gangunansa daga benen nan da kansa, ya ce ba zai sake hawa ba. Ta bar tafin ƙafata na dama, wanda har yanzu yana neman maɓalli a ƙasa in na ja baka. Ta kuma bar wani mutum mai jita, da fosta mai ɗauke da sunan kiɗan da ba zai iya kaɗawa ba, da kwamfuta mai sabon fayil da babu komai a ciki.

Masu zuwa ta'aziyya, ana roƙonku kada ku ce mini in yi haƙuri. Na yi shi a kan matakala, na yi shi a bayan sifika, na yi shi a cikin "da sauransu". Wanda nake da shi ya ƙone tare da ita. Kada kuma a kawo mini labarin cewa shi ma yana cikin damuwa. Na sani, kuma ina fata ta ƙaru.

Ga yadda za a yi jana'iza. Za a yi ta ne a babban ɗakin taron nan, a ranar da ke jikin fosta, a kan dandamalin da aka shirya mana. Na je na ga manajar wurin, wadda ta daɗe tana kallon wasanninmu daga gefen labule, inda ake ganin ƙafar da ke taka maɓalli. Ba ta buƙaci dogon bayani ba. Ta ba ni wurin masu buɗe taro, wato mu za mu fara hawa, ƙungiyar Darakta ta biyo baya. Ba a sanar da shi ba tukuna. Wannan takarda ita ce sanarwarsa.

Za a shigo da marigayiya a kan matashi, a ajiye ta a gaba, tsakiyar haske, inda ba a taɓa barin ta ta zauna ba tana da rai. Abokan karatuna na jami'a, masu biyolin da masu celo, za su zauna a jere su ɗauki muryoyin da ita kaɗai take ɗauka. Mai bes ya yi alkawarin gurnanin firji. Ƙwarangwal zai riƙe ganga. A tsakiyar dandamali kuma za a kafa keken ɗinki na ƙafa, da makirfo a ƙarƙashinsa, mai shi tana kai. Ta ce ba za ta taka shi a banza ba, za ta zo da aikin mutane ta ƙarasa. Za mu kaɗa "Rage Ƙara" daga farko har ƙarshe, kuma kafin mu fara zan tsaya a gaban makirfo, ba takalmi, in faɗi falon da aka haife shi da sunan wadda ta haife shi.

Bayan haka ba za a ɗauke gawar ba. Za ta zauna a wurinta, da adaftar da ta kashe ta a gefenta, jan salatif yana kallon jama'a, har mai ita ya hau ya same ta a gaban ƙafarsa. Ana gayyatar kowa ya tsaya, kada a watse. In an ga dama a nemi ya maimaita kiɗan da ya zo masa a mafarki.

An tanadar wa Mama kujera a layin farko, daidai saitin sifikarsa, inda za ta koma in ta sauko daga kan keke. Ta ce za ta zauna da jakarta a cinya ta jira ya daki jitar nan sau ɗaya. Daga nan za ta miƙe ta faɗi maganar da duk ɗakin ya haddace, da bakinta, ba na'ura. Abu ɗaya kawai za ta canza: wannan karon ba da "ke" za ta fara ba.

Mai makoki,
mai celo, uwar ɗakin marigayiya.